Yadda ake yi wa tsohon jirgi fenti a simuleta ba tare da ya fito kamar na roba ba

Wani ƙanenmu mai tuƙa jirgin sama a simuleta, wato manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi a kwamfuta, ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: "Yaya barka da war haka. Na sauke wani jirgi samfurin DC-3 a Microsoft Flight Simulator na 2020, ina so in yi masa fentin Nigeria Airways na da can, irin wanda kakana yake ba mu labarin yana sauka Kano. Hotuna biyu kawai na samu kuma duk marasa kala ne. Na gwada da manhajar gyaran hoto ta GIMP amma jirgin ya fito yana ƙyalli kamar na roba, rubutun gefen dama a juye, jiya kuma dana sake taɓawa sai ya ɓace gaba ɗaya daga jerin jiragen. Ina na kuskure?"

Barka kadai ƙanena. Toh matsalolin nan uku da ka lissafa duk ƙanana ne, in ka zauna da safe kafin la'asar ka gama dasu, kuma zan zo kansu ɗaya bayan ɗaya. Wadda baka lissafa ba ita ce ke cin mutane, wato wannan magana taka ta "fentin Nigeria Airways na da can". Kamfanin nan ya fara aiki a 1958 ya tsaya a 2003, shekara 45 kenan, kuma a tsakanin nan an sauya fenti an sauya rubutu an sauya jirage, kaga kenan babu wani abu guda ɗaya da ake kira fentinsu na da. Mu a wannan harkar abinda muke yi shine mu zaɓi jirgi ɗaya tak, mai lamba ɗaya, a shekara ɗaya, mu bi shi. In baka yi haka ba zaka ɗauko wutsiyar wannan shekara ka haɗa da rubutun waccan, ka fitar da jirgin da bai taɓa wanzuwa ba a duniya, kuma wallahi akwai dattawan da zasu gane cikin minti ɗaya.

Fara da lambar rajistar dake jikin hotunan naka, zuƙo ta sosai ka karanta. Kafin samun 'yancin kai jiragen Najeriya da VR-N suke farawa, bayan 1960 aka koma 5N. Wannan kaɗai ya raba maka zamani biyu. In lambar VR-N ce kuma hoton na 1958 ko 1959 ne, toh kar ka kuskura ka manna masa tutar kore fari kore, don tutar sai 1 ga Oktoba 1960 aka fara ɗaga ta. Sannan ka tuna kafin Nigeria Airways akwai WAAC, kamfanin haɗin gwiwa na Najeriya da Gold Coast, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya wanda aka kafa a 1946 ya watse a 1958, shi kansa sabon kamfanin da sunan WAAC Nigeria aka yi masa rajista da farko, saboda haka ka karanta abinda aka rubuta a saman tagogi harafi bayan harafi kar ka rubuta abinda kake zato. In ka samu lambar sai ka nemi tarihin jirgin da ita, masu bibiyar DC-3 sun tattara tarihin kusan kowanne da lambar masana'antarsa, daga nan zaka san ko tsohon C-47 ne na soja da aka gyara bayan yaƙi ko kuwa asalin na fasinja ne. Abin yana da amfani don na sojan yana da ƙatuwar ƙofar kaya a gefen hagu ta baya, in wanda ka sauke mai ƙaramar ƙofa ce kuma na hoton mai babba, fenti bazai gyara wannan ba, sai dai ka faɗa a bayanin da zaka rubuta.

Irin wannan rashin dacewar yana da yawa. Misali jirgin Airbus A310 ɗin da aka ƙara kyauta a simuleta ɗin a ƙarshen 2022 samfurin 300 ne mai injin General Electric, su kuwa na Nigeria Airways samfurin 200 ne masu injin Pratt & Whitney. Mutane suna yi masa fentin kuma yana kyau, ni bana ganin laifi, amma mai gaskiya yakan rubuta cewa injin ba shi bane.

Yanzu maganar hoto marar kala, nan ne nafi so ka natsu. Hoto marar kala yana gaya maka inda layi ya bi, girman harafi, inda fenti ya tsaya ƙarfe ya fara. Kala kam bazai gaya maka ba, har ma yakan yi maka ƙarya. Bari in baka abinda ya faru dani. Shekarun baya na zauna zan yi fentin Hurricane, jirgin yaƙin Ingila, irin waɗanda suka riƙa ratsawa ta Kano lokacin yaƙin duniya na biyu. Ka san a lokacin Ingila tana kawo jirage a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Ghana ta yau, a haɗa su a can, sannan su taso Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, su shiga Sudan ta El Geneina da El Fasher zuwa Khartoum, su gangara Masar. An fara a Satumba 1940, jirgin Blenheim ɗaya mai sakin bam a gaba yana yi wa Hurricane shida jagora, kuma kafin a gama dubban jirage sun bi ta wannan hanya. Toh na samu wani hoto mai kyau, tambarin da'irar nan na sojan saman Ingila a jikin jirgin ya fito raɗau, amma zoben waje ya fito baƙi wuluk, shi kuma shuɗin ya yi haske kamar an wanke shi. Ni kuwa na bi hoto, na zana baƙin zobe, na kwana biyu ina gyara shi har ina jin daɗi wai na gano wani abu da kowa bai sani ba. Ina sakewa wani dattijo daga cikin masu harkar ya rubuto min layi biyu, yace zoben nan rawaya ne, fim ɗin ne ya cuce ka. Ashe akwai wani tsohon fim da ake kira orthochromatic wanda baya ganin ja kuma rawaya ma da ƙyar, sai ya fitar dasu da duhu, shuɗi kuma ya fitar dashi da haske. Kunya kamar in nutse. Tun daga ranar in na ɗauki hoto marar kala abu na farko da nake nema shine wani abu dana riga na san kalarsa, tuta ko tambari ko sararin sama, in ga yadda fim ɗin yayi dashi, in sama ta fito fari fat babu gajimare kuma ja ya koma baƙi toh na san da wane fim nake magana.

Na soja ma sun fi sauƙi ta wani ɓangaren don komai da doka aka yi shi kuma dokar tana da kwanan wata. Tambarin Ingila mai faɗin zoben rawaya gwargwadon faɗin da'irorinsa daga ta tsakiya zuwa ta waje 1:3:5:7 ne, a tsakiyar 1942 aka koma mai siririn fari da siririn rawaya 3:4:8:9, kaga da ganin tambari ka san ko hoton kafin lokacin ne ko bayansa. Na Amurka tauraro ne mai jan ɗigo a tsakiya har Mayu 1942 aka cire ɗigon don kar a rikita shi da na Japan, a tsakiyar 1943 aka ƙara masa fararen sanduna biyu a gefe da jan baki, bayan ɗan watanni aka mayar da bakin shuɗi, jan layin cikin sandunan kuma sai 1947. Kalolin jiragen Ingila ma suna da suna, Dark Earth da Dark Green na Turai, Dark Earth da Middle Stone sama da Azure Blue a ƙasa na hamada. Amma ka lura, jirgin da aka haɗa jiya a Takoradi yana kan hanya bai kai ga rundunarsa ba tukuna, saboda haka manna masa manyan haruffan runduna da zanen bakin kifi a hanci kuskure ne, lambarsa kawai gareshi. Wani abin kuma da nake yawan gani, mutum ya kawo lambar kala ta FS 595 yace ita ce ta jirgin 1943, alhali wannan kundin kalar sai 1956 ya fito, kusanci ne kawai ake yi dashi.

Na fasinja irin naka babu wannan gatan, dole ka yi farauta. Ka nemi hotuna masu kala na kowane jirgin kamfanin a shekarun da ka zaɓa, ko ba DC-3 bane, Fokker F27 ma ya isa in dai zamani ɗaya ne, ka nemi tsofaffin katin gaisuwa da jadawalin tashi da tallan mujallu. Kar ka ɗora abin tsotsar kala a kan hoto ɗaya kace ka samu kore. Tsofaffin hotunan da aka wanke suna rinewa su koma ja-ja ko ruwan hoda, wanda aka ɗauka da yamma ya sha rawaya, wanda aka ɗauka a Landan cikin gajimare ya sha shuɗi. Abinda nake yi, in buɗe kowanne in gyara shi har farin saman jirgin ya zama fari na gaskiya, sannan in ɗebi koren daga wuri mai haske daidai ba inuwa ba ƙyalli, in jera su biyar ko shida gefe da gefe a fili ɗaya, zaka ga biyu sun fita daban sauran sun taru wuri guda, tsakiyar waɗanda suka tarun nake ɗauka. Kuma dan Allah ka guji hotunan da aka saka wa kala da kwamfuta, sun cika intanet yanzu, kalar cikinsu hasashen inji ne kawai, zaka gane su da yadda fatar mutane da bango suke ɗaukar kala iri ɗaya mai dishi-dishi. Kar kuma ka ɗauka koren jirgi dole shine koren tuta, mai yiwuwa ne amma sai hoto ya nuna.

Toh mu zo kan aikin hannu. Fayil ɗin da ka buɗe a GIMP ka ga jirgin a yayyanke, rabin jiki nan, fiffike can, ƙofa a kwance a wani lungu, ka ɗauke shi kamar fatar ragon layya da aka feɗe aka shanya, in aka mayar da ita jikin ragon kowane wuri ya san inda zai zauna. Matsalar ita ce wanda ya feɗe ɗin ba lallai ya shanya komai da girma ɗaya ba, wani wurin ya ja shi wani ya matse. Kafin in zana komai nakan yi wani fenti na gwaji, murabba'ai kamar allon dara, kowane gida da lambarsa da kalarsa, in ɗora wa jirgin in shiga in zagaya shi da kyamara. Inda murabba'i ya koma doguwa na san an ja wurin, inda lamba ta fito a juye na san an juya. In wanda ya ƙera jirgin ya bada kit ɗin fenti, wato fayil mai leya-leya, zane a kan zane kowanne zaman kansa, da layukan jiki da ƙusoshi daban, sauke shi, zai rage maka wahalar sati guda. Fentinka ya zauna a leyar ƙasa, layuka da ƙusoshi da datti a samansa, kar ka taɓa haɗe su wuri ɗaya a fayil ɗin aikinka.

Rubutun da ya juye maka abu biyu ne ke kawo shi. Ko dai gefen dama yana da nasa wurin a fatar amma an shanya shi a juye, wannan mai sauƙi ne, ka juya rubutun kai ma a fayil sai ya fito daidai a jiki. Ko kuma wanda ya ƙera jirgin yayi tsimin wuri, ya sa hagu da dama suna cin fata ɗaya kamar madubi, toh wannan duk yadda ka juya ɗaya gefen zai lalace. Gwajin darar nan shi zai gaya maka wanne ne, in lamba 14 ta fito a hagu kuma ita dai 14 ɗin ta fito a dama a juye, madubi ne. Maganinsa sai dai ka duba ko akwai wani fayil daban na rubutu da lambobi da aka tanada, yawanci akwai, ko ka shiga Blender, manhajar ƙera surar abubuwa ta 3D, ka ƙera siririn faifai da zai kwanta a kan jikin ya ɗauki rubutun, wannan kuma karatu ne na wata rana. Ka kuma duba tambarin kamfanin, giwar nan mai fiffike, ina ta fuskanta a kowane gefe, yawancin kamfanoni suna sa dabbar tambarinsu ta kalli gaban jirgi ta ko'ina, amma hoto ne zai yanke hukunci, shi yasa hoton gefe ɗaya baya isa.

Haruffa kuma kar ka buɗe jerin font ka zaɓi Arial kace ya yi kama. A wancan zamanin da hannu ake zana su ko da kwali da aka huda, kamar dai masu rubutun jikin gingimari, kowane kamfani da irin R ɗinsa da irin G ɗinsa. Ɗauki hoton da yafi fitowa, ka miƙar dashi da abin gyaran karkata na GIMP har tagogin su jeru a layi ɗaya da tazara ɗaya, ka kai shi manhajar zane ta Inkscape ka bi bakin kowane harafi da hannu. Yana cin lokaci, NIGERIA AIRWAYS harafi 14 ne amma da yake wasu suna maimaituwa guda 9 kawai zaka zana. Tagogin su ne rularka, ka ƙirga harafin farko a saman taga ta nawa ya fara, na ƙarshe a ta nawa ya ƙare, layin gefe yana ratsa tagogin ne ko yana bi ta ƙasansu. Tsawon DC-3 wajen mita 19.7 ne, fiffike zuwa fiffike mita 29, da wannan zaka iya lissafa tsayin harafi in hoton na gefe ne sosai. Wurin da zai baka ciwon kai shine hanci, inda layin yake lanƙwasa ya haɗu da na ɗaya gefen, a fata a shimfiɗe layin da zai fito miƙaƙƙe a jiki sai ka zana shi a karkace, ni dai sau goma sha ina shiga ina fita kafin ya zauna, babu wata dabara sai haƙuri ko ka zana shi kai tsaye a jikin jirgin cikin Blender.

Sai ƙyallin roba. A wannan simuleta kowane ɓangare na jirgi fayil uku ne ke riƙe dashi, ba ɗaya ba. Mai ALBD a sunansa shine kala zalla. Mai NORM shine tudu da kwari, ƙusoshi da gaɓoɓi, wannan kar ka taɓa shi yanzu. Mai COMP shine wanda baka taɓa ba kuma shine ya baka roba. Kowane hoto a kwamfuta haɗin tashoshin kala uku ne, ja da kore da shuɗi, a cikin COMP tashar ja tana riƙe da inuwar lunguna, tashar kore tana riƙe da kaushi, wato fari ya zama marar sheƙi baƙi ya zama sumul kamar gilashi, tashar shuɗi kuma ita ke cewa wannan wurin ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba. In jirgin da ka ɗauko asalinsa alminiyam ne tsirara kai kuma ka shafa farin fenti a ALBD kawai, simuleta tana nan tana ɗaukar wurin a matsayin ƙarfe, sai ya fito wani iri kamar ledar alawa. Duk inda ka sa fenti ka mayar da shuɗin COMP baƙi, inda ƙarfe yake tsirara ka barshi fari, kuma ka guji tsaka-tsaki sai a bakin gaɓa. A GIMP ka rarraba tashoshin uku ta Decompose ka gyara kowacce ka sake haɗawa.

Ga wani abu da ke bambanta wanda ya san jirgin da wanda bai sani ba. DC-3 jikinsa ƙarfe ne amma abubuwan dake motsi a bayan fiffike da wutsiya, masu karkatar dashi da masu ɗaga hancinsa da na juyawa, yadi ne aka ɗaura aka shafe da fenti ruwan azurfa. Kenan ko jikin yana walƙiya kamar sabuwar tukunya waɗannan wuraren dusu-dusu suke, ba ƙarfe bane, a hoto marar kala ma zaka ga sun fita daban. Su ma faifan alminiyam ɗin jikin ba kala ɗaya suke ba, wani yafi wani duhu kaɗan, wani an goge wani ba'a goge ba, in ka ɗan sassaɓa kaushinsu faifai bayan faifai a tashar kore, kaɗan fa ba da yawa ba, jirgin zai tashi daga abin wasa ya koma ƙarfe. Farin kuma kar ka sa 255, rana tana dukansa zai ƙone ya rasa layi, ka tsaya wajen 230 zuwa 240, baƙi ma kar ya kai sifili. Kar ka zana inuwa ko hasken rana a ALBD, simuleta ce ke yin wannan da kanta, a tsofaffin simuleta FS2004 da FSX ne muke zana inuwa da hannu.

Datti kuwa mutane sun cika zuba shi kamar jirgin ya kwana a bola. Jirgin fasinja ana wanke shi. Inda datti yake zama sananne ne, hayaƙin salansa yana bin iska ya kwanta a bayan inji ta ƙasan fiffike, mai yana tsiyaya daga injin nan masu zagaye don basa rabuwa da yoyo, gefen ƙofa inda hannu ke taɓawa, kan fiffike inda masu zuba mai ke takawa. Wanda yayi aiki a filayen arewa kuma ka ɗan sa masa jar ƙura a tayoyi da cikinsa da ƙasan wutsiya inda farfela ke watsa ta, tunda jirgi ne mai zama da gindi a ƙasa. Ka sa kowane datti a leyarsa, in ka gama ka rage ƙarfinsa da rabi, kusan kullum sai ka ga hakan yafi.

Ɓacewar jirgin daga jeri, wannan ba fenti bane, takardu ne. Ka duba abu huɗu. A aircraft.cfg layin base_container ya nuna ainihin sunan foldar jirgin da kake jingina dashi, harafi ɗaya ya kuskure shikenan, kuma title ɗinka kar ya zama iri ɗaya da na wani fentin, layin texture kuma ya dace da abinda ke bayan ɗigo a sunan foldar fentinka. A texture.cfg layukan fallback su nuna inda za'a ɗauko fayilolin da baka saka ba, in suka karye zaka ga jirgi yayi dara-dara ruwan hoda. Na uku shine wanda nake zargi a naka, layout.json, shi lissafi ne na duk fayilolin dake cikin kunshin, in ka ƙara fayil ko ka sauya suna baka sabunta shi ba simuleta bata san da zamansa ba, akwai ɗan ƙaramin abu MSFSLayoutGenerator da zaka ja fayil ɗin ka saka a kansa ya sake rubuta shi. Na huɗu, ka tabbatar cikin Community, foldar da simuleta ke ɗauko abubuwan da aka ƙara mata, foldarka ɗaya ce ka buɗe ka ga manifest.json da layout.json nan take, ba folda cikin folda ba. Ka kuma sa Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, sau da yawa Notepad ya mayar da abu aircraft.cfg.txt mutum yana ta neman aljani. Kowane DDS kuma, wato fayil ɗin hoton da simuleta ke karantawa, yana da ɗan fayil na json mai suna irin nasa a gefensa, kwafo shi tare. Wannan duk na 2020 ne, na 2024 ya koma fayil ɗin hoto na KTX2 da wani tsarin, simuletar X-Plane kuma tafi kowa sauƙi, folda ce kawai a cikin liveries da sunayen fayil iri ɗaya da na asali.

DDS matsewa yake yi gida-gida na ɗigo 4 sau 4 kuma duk matsewa tana cin wani abu, saboda haka kar ka buɗe DDS ka gyara ka adana ka sake buɗewa, bayan zagaye uku bakin haruffanka zai zama kamar ɓera ya ci. Aikinka ya zauna a XCF, wato fayil ɗin GIMP na kansa, DDS fitarwa kawai, kuma ka kunna mipmaps, ƙananan kwafin hoton da ake nunawa daga nesa, in ba haka ba jirgin zai riƙa ƙyalƙyali daga nesa. Ka riƙa adanawa da lamba, 01, 02, 03, ni an taɓa ɗauke wuta ina tsakiyar adana fayil ɗaya tilo da nake dashi, aikin sati uku ya tafi. Girma kuma 4096 ya ishe ka, shi kansa wajen MB 21 yake ci a katin hoto in matsewar BC7 ce da mipmaps, 8192 kuwa ya haura 80, ka ninka da yawan fayilolin jirgi ka tuna yawancin masu saukewa a wajenmu laftof ce dasu da data ta awo.

In zaka saka shi a shafin Flightsim.to ko wani wuri, ka saka abinda ka zana kawai, kar ka haɗa da fayilolin jirgin kuɗi ko kit ɗin wani, kar ka ɗauki fentin wani ka sauya lamba kace naka ne, jama'ar nan kaɗan ce kowa ya san hannun kowa. A bayanin ka rubuta lambar jirgin da shekarar da ka bi, sannan ka faɗi wuraren da hoto ya nuna maka da wuraren da ka cike da hasashe, misali ƙasan fiffike in baka samu hotonsa ba. Irin wannan bayanin ne ke sa wani mai tsohon hoto a akwati ya turo maka.

Kafin ka saki, ajiye jirgin a filin Malam Aminu Kano, mai lamba DNKN, ka duba shi da tsakar rana, ka duba da magariba, ka duba cikin hadari, sannan ka juya kyamara daidai kusurwar hoton nan naka ka ɗauka, ka cire wa naka kala ka jera su biyun. Duk inda ya saɓa zai fito fili. In kakan naka yana raye kai masa ya gani, wataƙila bazai tuna lamba ba amma kalar da ya gani da idonsa tana iya fin hotunanka biyu. Turo min lambar dake jikin wutsiyar da hoton allon dararka ta gefen dama in duba maka ko madubi ne.